Baƙin Talata

Matan da ke zaune a bayan titin Sultana in suna hirar Khalida, da hannunta suke farawa. Sukan ce 'yar Malam Hamid ko ruwan zafi ta juya da ludayi sai ya yi ɗanɗano. 'Yan Nijeriya da Nijar masu aiki a otal-otal na kusa da Haramin Madina, waɗanda ke sayen tuwo a wurinta, cewa suke ba ta da surutu, sai aiki. Ƙaninta Abdulmajid kuwa in abokai suka tambaye shi sai ya ce, "Yayata? Ai ita ce gidan."

Inna Mariyamu ce kaɗai ba ta cewa komai. Khalida 'yar fari ce, kuma tun ranar da ta haife ta bakinta bai taɓa kama sunanta ba. "Ke" take ce mata, in ta yi nisa ta ce "waccan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta shigar mata faɗa. Kakanninsu sun taso daga Damagaram da ƙafa, sun zubar da abubuwa da yawa a hanya kafin su zama 'yan ƙasa a Madina, amma wannan alkunyar ta iso da su lafiya.

Duk cikin masu maganar babu mai cewa ɗaliba ce. Alhali tun da kwalejin al'umma ta buɗe ƙofa ga waɗanda suka daɗe da barin sakandare, Khalida, da shekarunta talatin da 'yan kai, ta shiga karatun difloma na hidimar otal da tarbar baƙi. A kicin ta yi rajista da wayarta, albasa na soyuwa a gefe.

Ranar da ta faɗa a gida, suna zaune a majalisa, wato falon baƙi, ƙarƙashin takardar shahadar digirin Abdulmajid da ke rataye cikin gilashi mai bakin zinariya. Ya ajiye cokali ya yi dariya.

"Difloma? Yaya, ke ma?"

"Ni ma."

"Wallahi an gama da mu. An wangale ƙofa, mai shayi ya shiga, mai gadi ya shiga, yanzu ga mai tuwo. Shekara biyu a miƙa wa mutum takarda. Kin san abin da ya faru da ni a otal ɗin hanyar filin jirgi? Na je da digiri, suka ɗauki 'yan difloma biyu, wai sun iya aikin tun daga aji kuma ba su da tsada. Shahada ta koma kamar carbin tsaraba, kowane shago akwai."

"To ni na ce kada su ɗauke ka?"

"Irinku ne suka ja. In kowa na da takarda, ta wa za a duba?"

Khalida ta kalli Inna. Inna ta tura wa ɗanta kwanon nama, ta ce, "Ci abincinka, ya huce."

A gidan akwai wasiyya. Kafin Malam Hamid ya rasu ya ce duk ayarin da ya taso daga Damagaram ya zo ziyarar Manzon Allah, kada ya bar Madina bai ci tuwo a gidansa ba, kuma kada a karɓi ko sisi. Baƙin Manzo yake ce musu. Shekara da shekaru ana cikawa. Abdulmajid ke magana da jagororin ayari a waya ya sa rana, Khalida ke tuƙa tuwon, ita ke kwashewa, ita ke zuba wa mata a ciki, shi ya kai wa maza majalisa. Baƙin sukan zo da hantsi, su ci, su yi wa mamacin addu'a, su koma Harami kafin azahar. Khalida ba ta taɓa jin nauyin wannan aikin ba. In tsoffin matan suka sa hannu a miyar kuka suka lumshe ido, takan ji kamar Baba na zaune a bakin ƙofa.

A kwalejin kuma akwai doka. Ɗalibar da ta yi fashin kashi ɗaya cikin huɗu na darasi, an hana ta jarrabawar wannan darasin. Hirman suke kiran hukuncin, kuma 'yan aji ba su da kalmar da suke tsoro kamarta. Darasi mafi nauyi shi ne na aikin hannu a teburin tarbar baƙi, wanda Ustaza Wafa ke koyarwa ran Talata da safe.

Sai baƙi suka fara faɗowa ran Talata.

Na farko ba ta kawo komai a ranta ba. Na biyu ta ce sa'a ce ba ta yi ba. A na uku ta tsaya a ƙofar ɗakin Abdulmajid, yana kwance yana duba tallan guraben aiki a waya.

"Majid, don Allah in sun kira ka ce musu Juma'a ko Asabar. Ba ni da aji."

"Ni nake tsara musu tafiya? Mutane sun biyo jirgi, kwanakinsu a ƙirge suke. In ce wa baƙon Manzo ya jira Yaya ta gama koyon cewa marhaba?"

"To ka ce da la'asar."

"Baba da hantsi yake ciyarwa. Khalas, magana ta ƙare."

Ta koma wurin Inna. Inna na shafa man zafi a gwiwa, ba ta ɗago ba.

"Ke, wasiyya ce. Da ƙafafun nan na da ƙarfi da ban nemi kowa ba. Karatu ai ba gudu yake ba."

Karatu kuwa ya gudu. A ƙarshen zangon farko sunanta ya fito cikin masu hirman. Ta zauna a kan buhun shinkafa tana kallon jan rubutun a waya. Da maraice ta tarar da leda a rataye a hannun ƙofarta, mutabbag ne mai zafi, irin soyayyen fulawar nan mai nama da ƙwai da take so. A gidan nan haka ake ba da haƙuri. Ba a faɗa da baki, sai a sayo abu a rataye, a wayi gari kamar ba a yi ba. Ta ci, don tana jin yunwa.

Ta sake ɗaukar darasin a zango na biyu, ta shiga dabaru. Ta gwada haɗa miya tun ran Litinin, Abdulmajid ya ce a gidan Malam Hamid ba a ba baƙo miyar da ta kwana. Ta nemo wata maƙwabciya ta tuƙa mata tuwon, Inna ta ce me mutanen Damagaram za su je su faɗa, a ce gidan yana da 'ya mace amma bare ke riƙe da muciya. Ta gwada tashi tun kiran sallar farko ta gama kafin fita, sai aka ce wa zai zuba wa matan, wa zai gaishe su da Hausa, ko so take Inna ta yi ta rarrafe da faranti?

Ta rame. Takan yi gyangyaɗi a motar kwaleji har ta wuce inda za ta sauka. 'Yan ajinta, waɗanda yawancinsu ta girme su nesa ba kusa ba, suna kiranta Khala, wato gwaggo, suna aiko mata da hoton allo a ranakun da ba ta zo ba. Amma teburin tarbar baƙi ba a koyonsa a hoto.

Wata Talata da ta samu zuwa, Ustaza Wafa ta tsayar da ita bayan an tashi.

"Khalida, saura ɗaya. In kika sake fashi ɗaya, hirman ne na biyu a darasi guda, kuma ba ni da ikon hana a rufe miki karatun."

"Na sani, Ustaza."

"Ba ki sani ba. Otal-otal suna roƙona in ba su mai jin Hausa da Larabci da ta san aikin. Tsoho ya sauko daga jirgi ya ɓatar da makullin ɗaki, ba mai fahimtar me yake cewa. Kujerar nan taki ce, sai in ke kika ƙi ta. Me ke riƙe ki a gida?"

Khalida ta sunkuya ta ɗauki jakarta. Ta yaya za ta ce Baba ne, shi da yake kwance a maƙabartar Baƙi'a?

Litinin ta gaba, bayan magariba, Abdulmajid ya leƙo kicin yana wasa da makullin mota.

"Gobe akwai baƙi. Ayarin matan Hajiya Zinariya."

Khalida na yanka kuɓewa. Wuƙar ta tsaya.

"Gobe Talata."

"Na san kwanakin mako, Yaya. Na yi jami'a."

"Saura mini ɗaya, Majid. In ban je gobe ba an kore ni."

"Ma'alesh, ba komai. Wataƙila alheri ne. Ki duba ni, da digirin ma ina nake? Ina ceton ki ne daga wahalar banza."

Inna tana zaune a kan kujerar roba tana tsince shinkafa. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Zinariya ƙawata ce, tun muna 'yan mata take zuwa. Ba za a ce ta zo ta tarar da murhu a kashe ba."

Khalida ta ci gaba da yanka kuɓewarta. Da asuba ta ɗora tukunya.

Gari bai gama wayewa sosai ba aka ƙwanƙwasa. Hajiya Zinariya ce, ita kaɗai, ta riga matanta tahowa don ta samu hira da ƙawarta. Doguwar tsohuwa ce mai faɗin murya, ta shigo da ƙullin daddawa da garin kuka, ta ƙi zama a ɗaki, ta ja kujera har kicin.

"Ina 'yar Malam? Kai, yarinya, me ya cinye ki haka? Mariyamu, ba kwa ba ta abincin da take dafawa ne?"

Inna ta yi murmushi. Khalida ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma kan tukunya. Ruwa ya tafasa, ta zuba ruɗe, ta fara talge. Wayarta na kan firji, tana ganin lokaci na tafiya. Motar kwaleji ta riga ta wuce.

Hajiya na ta zuba, labarin jirgi, labarin cunkoson Rauda a cikin Harami, labarin wadda ta ɓata a bene na tara tana kuka. Can ta ce, "Ni fa Juma'a na so mu zo, bayan an sauko. Ko Asabar, ba mu da ziyarar ko'ina. Yau ma sai da muka ɗage zuwa Uhudu. Amma ɗanku ya ce Talata ce kaɗai ranar da kike hutawa daga makarantar taki. Na ce to, ba ma takura wa ɗaliba. Alhaji Jumare mai jagorancin ayari ma ya gaya mini tun a gida, wai in za ku gidan Malam Hamid ku nemi Talata, haka yaron ke cewa kowa."

Talgen na ɓalɓala, yana tofo zafi a hannun Khalida, ba ta janye ba.

"Haka ya ce, Hajiya?"

"Da bakinsa. Ko na yi ɓaranɓarama ne?"

Khalida ta juya ta dubi Inna. Da a ce mamaki ta gani a fuskar, da abin ya zo da sauƙi. Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Wayar da Abdulmajid ke yi da jagororin ayari a majalisa yake yinta, da Hausa, da ƙarfi, Inna na zaune a gefe da carbi.

Khalida ta kashe gas. Ta jingina muciya a bakin tukunya, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta zura abaya a kan kayan girkin, ta ɗauko jaka. A zaure ta ci karo da Abdulmajid ya fito da ƙaramin tawul a wuya.

"Ina zuwa?"

"Aji."

"Baƙin fa? Tuwon fa?"

"Ga muciya can. Ko ka kira su ka ce yau ba na hutawa."

Ya dubi kicin, ya ga Hajiya a tsaye a ƙofa, ya gane. Sai ya rage murya ya koma Larabci, yana cewa ta rufa musu asiri a gaban baƙuwa. Khalida ta amsa masa da Hausa, yadda baƙuwar za ta ji.

"Asirin wa? Baba ya bar mana sadaka, ka mayar da ita igiya. Ka sa bayin Allah sun ɗage ziyararsu don ka ɗaure ni a murhu. Ba ni na hana ka aiki ba, Majid. Ko na mutu a kan tukunyar nan, takardarka ba za ta ƙara kuɗi ba."

"In kika fita kin karya wasiyyar Baba."

"Kai ka karya ta, tun Talatar farko."

"Ummi, ki yi mata magana!"

Inna ta ɗago. Leɓenta ya motsa.

"Ke…"

Khalida ta tsaya, hannunta a kan ƙofa. Ta ba ta lokaci. Bayan "ke" ɗin babu abin da ya biyo. Ta buɗe ta fita.

Tana sauka a bene ta ji takun silifa a bayanta. Hajiya Zinariya ce, tana dafa bango, waya a kunne, tana ce wa matanta su zauna a masauki, yau babu zuwa ko'ina.

"Hajiya, ki koma, don Allah. Ba da ku nake ba."

"Na sani. Amma ni ba zan sa hannu a kwanon da aka ci amanar yarinya da sunana ba. Malam Hamid cewa ya yi a ciyar da mu, bai ce a ɗaure 'yarsa da mu ba. Tsayar da tasi, ke, kina kallona. Mu je, yalla, ko ba haka kuke cewa ba?"

Khalida ta isa aji ana cikin kiran suna, numfashinta na sama. Wata yarinya ta toshe hanci tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce Khala yau da me aka yi turare. Daddawa ce ta kama abayar. Ustaza Wafa ta dube ta ta saman tabarau, ta kira sunanta, Khalida ta amsa. A ranar ita aka tsayar a bayan tebur, aka ce ga tsoho ya ɓatar da makulli.

Da ta dawo bayan azahar gidan shiru. An shimfiɗa ledar cin abinci a majalisa tun safe, faranti a jere, ba wanda ya taɓa. A hannun ƙofar ɗakinta leda na rataye, mai ya fito a jikin takardar. Ta cire ta, ta kai majalisa, ta ajiye a gaban Abdulmajid da ke zaune ƙarƙashin shahadarsa.

"Na ƙoshi."

"Mutabbag ɗin shagon Abu Haisam ne, wanda kike so."

"Na ce na ƙoshi. In akwai magana a bakinka, faɗe ta."

Ya daɗe yana kallon ledar.

"Kin san me ake ce mini a waje? Shekara nawa ina yawo da fayil. In kika gama kika samu aiki kafin ni, da difloma, da wane ido zan kalli mutane? A ce mai tuwo ke ciyar da mai digiri?"

"Da can wa ke ciyar da shi?"

Ya kawar da kai, Khalida ta ci gaba.

"Ka je ka yi faɗa da masu otal, ka yi faɗa da waɗanda suka ce maka digiri kujera ce. In rakiya kake so zan raka ka. Amma daga yau ni ke sa wa baƙi rana. Za su ci tuwo a gidan nan har in mutu, Juma'a ko Asabar. Talata tawa ce."

Ya miƙe, ya ɗauki makullin mota. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Tayyib, to shi ke nan," ya fita. Ledar na nan inda ta ajiye ta.

Irin wannan ba a kai ƙararsa ko'ina. Babu duka, babu zagi, babu ƙofar da aka kulle. An dai samu wadda ba ta iya cewa a'a, aka ɗora mata lada a ka har wuyanta ya kusa karyewa, kowa a gidan yana da hujjarsa, kuma kowace hujja da sunan Allah a cikinta. Hukuma ta buɗe ƙofar makaranta, amma ƙofar kicin ba a hannun hukuma take ba.

Daga kicin ake jin ƙarar kankara. Khalida ta leƙa. Inna ce zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafun da ke ciwo, ta rungume babbar tukunyar tana kankare talgen da ya sandare a gindinta. Khalida ta tsuguna ta kama bakin tukunyar.

"Kawo, Inna."

Inna ba ta saki ba.

"An rubuta ki cikin waɗanda suka je ajin?"

"An rubuta ni."

Inna ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da kankara, sannan ta tsaya.

"Ina ji yana faɗa musu. Tun na farko ina ji. Na ce namiji ne, zuciyarsa ta karye, in na tsawata masa zai ƙara lalacewa. Ke kuma na ce ai mai haƙuri ce. Kuma in na tsaya miki, a ce na rasa kunya, ina shigar wa 'yar fari." Ta goge hannu a zane. "Zinariya ta kira ni daga masauki. Ta ce, Mariyamu, kunyar taki wa ta amfana?"

Khalida ta saki bakin tukunyar. Ta saba jira.

Inna ta ɗago ta dube ta sosai, irin kallon da ba ta taɓa yarda a gan ta tana yi ba. Bakinta ya yi rawa a kan harafin farko, kamar mai ɗaga abin da ya fi ƙarfinta.

"Khalida," ta ce. Sunan ya fito a hankali, baƙo a bakinta. "Khalida, na zalunce ki. Ki yafe mini."